Mun Bar Daji, Daji Ya Bar Mu

A wata walimar suna da na halarta a Abuja bayan ƙaramar Sallah, wani abokin karatuna, wanda yanzu babban ma'aikacin banki ne, ya zaro waya yana nuna mana hotunan hutun da ya kai iyalinsa Dubai. Ga yara a kan raƙumi, ga mota tana hawa tudun rairayi tana gangarowa, ga rana tana faɗuwa ja wur a bayan hamada. Aka yi ta ma sha Allah. Sai na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Tulo-Tulowa. Ya ce, a wace ƙasa take? Mutumin nan ɗan asalin Yobe ne. Tulo-Tulowa kuwa tana ƙaramar hukumar Yusufari ta jiharsu, inda tuddan rairayi suke jere kamar an zuba su da mudu, dausayi yana kwance a ƙasansu da goriba da dabino. Ya biya kuɗin jirgi da na biza da na otal a dala domin ya nuna wa 'ya'yansa abin da kakansu ya yi kiwo a gefensa.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma ba ni da bakin yi. Da ba don aikin jarida ya riƙa jefa ni inda ban yi niyya ba, da har yau Najeriyar da na sani ba ta wuce titin Kano zuwa Abuja da filin jirgin Legas ba. Amma tun ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na kai ga matsayar da na san wasu ba za su ji daɗinta ba: mu 'yan boko masu albashi, masu mota, masu fasfo, muna da hannu a lalacewar dazuzzuka da tsaunuka da fadamun ƙasar nan, ta hanyar ƙin taka su. Wurin da masu faɗa a ji ba sa zuwa ba shi da mai yi masa magana, wurin da ba shi da mai magana kuwa ba ya zama fanko. Wani ne zai shige shi da zarto, ko da diga, ko da bindiga.

Kafin mu je can, bari mu fara da abin da muke da shi, domin na lura da yawanmu ba su san girman abin ba. Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne. Daga bakin teku zuwa iyakar Nijar akwai fiye da kilomita 1,000, kuma a cikin wannan tazara ruwan sama yana saukowa daga sama da milimita 3,000 a shekara a wasu sassan gaɓar teku zuwa ƙasa da 600 a ƙuryar arewa maso gabas. Wannan bambancin ruwa shi ne ya shimfiɗa ƙasar hawa-hawa. A Neja Delta akwai itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Sama da su akwai kurmin Kuros Riba, wanda rana ba ta cika taɓa ƙasarsa ba, inda nau'in gorila mafi ƙaranci a duniya yake zaune tsakaninmu da Kamaru. Daga nan sai dajin kaɗanya da ɗorawa na tsakiyar ƙasa, sai na kuka da ƙaya, sai rairayi. A tsakiya kuma ga tsaunin Jos, wanda kogin Kaduna da na Gongola da ruwan da ke zama kogin Haɗeja duk daga jikinsa suke ɓuɓɓugowa, wato ruwan da Bakano yake sha a Tiga daga can ya taso. Akwai ƙasashen da suka gina tattalin arziki a kan ɗaya tak daga cikin waɗannan. Ruwanda tana karɓar dala 1,500 daga hannun kowane baƙo domin ya yi sa'a ɗaya yana kallon gorila.

Wurin da ya fi girgiza ni shi ne Mambilla. Idan ka ambaci sunan a zauren 'yan boko, abin da zai faɗo wa kowa shi ne aikin wutar lantarki mai megawat 3,050 da aka shafe shekaru aru-aru ana alkawarinsa, da shari'ar kwangilar da ta kai mu gaban masu sasanci a Faransa. Mambilla a wajenmu sunan kwangila ne. Ni ma haka na ɗauka har ranar da na bar Jalingo da asuba, na bi ta Bali da Serti, muka iso Mayo Selbe a gindin dutse cikin zafin da ke sa riga ta manne a baya. Daga nan hanya ta fara nannaɗe tsauni kamar rawani. Kunne ya toshe. Direba ya kashe rediyo, fasinjoji suka yi tsit, wata dattijuwa tana ta salati a kujerar baya. Da muka kai sama sai na ga ashe akwai wata ƙasa a bisa ƙasar da na sani: tuddai masu ciyawa kore shar suna bin juna har iyakar gani, shanu jajaye sun bazu a kansu, gajimare yana wucewa ta ƙasa da inda muke tsaye. A Nguroje na nemi rigar sanyi da rana tsaka. Tsayin wannan fili ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, shi ya sa ganyen shayi yake yi a Kakara. A ƙasa da shi kuma ga gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar nan, fiye da murabba'in kilomita 6,000, inda tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu abin da ya kai shi tsawo a Najeriya.

Wannan yanki ma ba a banza ya zama namu ba. Yana cikin Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 mutanensa suka zaɓi Najeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. Magabata sun yi zarya sun yi lallashi kafin a same shi. Jikokinsu kuma ba su san hanyarsa ba.

Na san amsar da ke bakin mai karatu, domin ita abokina ya ba ni: tsaro. Wa zai ɗauki mata da yara ya shiga daji a wannan zamani? Ba zan raina wannan magana ba. Wanda ya tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022, ko kisan da aka yi wa masu yawon buɗe ido a Kajuru a 2019, yana da hujjar tsoro. Ba na ce kowa ya ɗauki jaka ya nufi Birnin Gwari gobe ba, wannan ganganci ne. Abin da nake jayayya da shi shi ne jerin da muke ba labarin. Muna cewa 'yan bindiga sun shiga daji shi ya sa muka daina zuwa. Tarihi kuwa ya nuna mun daɗe da daina zuwa kafin su shiga.

Ɗauki Sambisa. Yau sunan kaɗai yana sa gaban mutum ya faɗi, duniya kuma ta san shi ne bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014. Amma Sambisa gandun namun daji ne da aka keɓe tun 1958, mai giwaye da jiminu da bareyi, har da ɗakunan saukar baƙi. Ba a dare ɗaya ya zama sansanin mayaƙa ba. Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin kula da shi ya ƙafe, hanyoyin sintiri suka cike da ciyawa, masu gadi suka koma gari, mafarauta da masu saran itace suka gama da abin da ke ciki. Lokacin da masu bindiga suka zo, kango suka tarar. A duk waɗannan shekaru, nawa ne daga cikin manyan ma'aikatan Maiduguri, tafiyar da ba ta kai ta sa'a biyu ba, suka taɓa kai 'ya'yansu can ranar Asabar? Da suna zuwa, da ranar da rufin ɗakin baƙi ya yaye wani ya kira kwamishina. Haka labarin Kamuku yake a Birnin Gwari, wanda aka ɗaga zuwa gandun ƙasa a 1999, haka na Rugu a Katsina, haka na Falgore da duk mai bin hanyar Kano zuwa Jos yake ratsawa yana addu'a, bai taɓa tunanin tsayawa ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce rashin 'yan yawon buɗe ido ne ya haifi ta'addanci ba. Rikicin manoma da makiyaya, da cinye burtali da makiyaya da masu iko suka yi, da makaman da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011, da zaluncin da talaka yake sha a hannun alƙali da ɗan sanda, da zinaren Zamfara, duk sun fi wannan nauyi. Amma kowanne daga cikinsu yana buƙatar maɓoya, maɓoya kuwa ita ce wurin da idon hukuma da idon masu iya tayar da hukuma daga barci ba ya kaiwa. Mu ne idon nan na biyu. Mu ne muke rubutu a jarida, muke da lambar ɗan majalisa, muke iya sa magana ta zagaya Facebook cikin yini ɗaya. Idan aka ɗauke wuta a Maitama kwana uku, ƙasa za ta ji. An kwashe shekaru ana sare madobiya a Taraba ana loda ta a tirela zuwa tashar jiragen ruwa, daga can zuwa Sin, har sai da aka dakatar da cinikin madobiyar Najeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 2018. Turawa masu bincike ne suka fi mu ɗaga murya a kan itacen da kakanninmu suka raɗa wa suna.

Harshenmu ma ya nuna inda muka dosa. A bakin kakata, daji wuri ne mai dokoki: akwai sarkin dawa, akwai lokacin farauta, akwai itacen da ba a sarewa, akwai kurmin da ba a shiga da gatari. Ta san sunan tsuntsu fiye da talatin. A bakinmu yau, "an shiga da shi daji" na nufin an sace mutum, "ɗan daji" na nufin ɗan bindiga. Mun sallama kalmar kamar yadda muka sallama wurin. Gwada ka tambayi yaron da ke makarantar kuɗi bambancin gwanki da kanki, ko na gada da barewa. Zai kawo maka sunayen dabbobin Kenya da Turanci, domin a talabijin ya gan su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan zaman ɗaki baƙon hali ne a wajenmu. Bahaushe matafiyi ne. Fatake sun yi watanni a ƙasa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, sun ƙetare Kwara da jakuna, sun san kowane zango da kowace rijiya. Alhazan ƙafa sun ratsa Chadi da Sudan shekara da shekaru, zuriyarsu tana can har yau. Mu ne muke cewa tafiya mabuɗin ilimi. To amma ɗan boko ya mayar da tafiya abu biyu: ko ta aiki, wadda ake biyansa alawus, ko ta fita waje, wadda ake ɗora hotonta. Tafiya cikin ƙasa domin kallon ƙasa kawai, wannan yawon banza ne a idonsa, aikin Turawa ne da marasa abin yi. Akwai raini a ciki, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rairayin Dubai yana ƙara wa mutum daraja a zauren biki, na Yusufari kuwa yana tuna masa ƙauyen da ya yi karatu domin ya tsere masa.

Batun kuɗi ba hujja ba ne ga waɗanda nake magana da su. Abin da iyali ɗaya suke kashewa a tikitin jirgi kaɗai zuwa Dubai ko Alƙahira zai kai su Yankari ya dawo da su sau da yawa.

Yankari ɗin ma ita ce shaidar da nake kafawa cewa ƙafar baƙo tana tsare wuri. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Ta sha wahala iri-iri, mafarautan hauren giwa sun yi mata ɓarna, gine-ginenta sun sha lalacewa a gyara su su sake lalacewa. Duk da haka tana nan da ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a ƙasar, da bauna da gwanki da dorina a kogin Gaji, tana kuma cikin wurare biyu kacal da zaki ya rage a Najeriya, ɗayan shi ne gandun Kainji. Me ya sa ba ta bi sahun Sambisa ba? Dalilai suna da yawa, ciki har da masu gadin da suke sintiri da ƙafa, wasunsu har sun rasa rayukansu, da taimakon ƙungiyar WCS. Amma akwai wani dalili mai sauƙi: ruwan Wikki. Wannan marmaro mai ɗumi, wanda zafinsa yake tsaye a kan digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasansa, ya sa mutane ba su taɓa daina zuwa gaba ɗaya ba. Ɗaliban jami'a suna zuwa, amare da angwaye suna zuwa, gwaggon biri yana sace musu burodi suna ba da labari shekara goma. Saboda haka duk gwamnan da ya bar Yankari ta mutu ya san za a tambaye shi. Wa zai tambayi wani a kan Kamuku, alhali ba wanda yake da hoton ɗaurin aurensa a can?

Kwatanta wannan da fadamar Haɗeja da Nguru. Duk shekara idan sanyi ya kama Turai, tsuntsaye suna ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a Dagona da Baturiya da tafkin Nguru, dubbai a kan dubbai. An sa wani sashe na fadamar cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke rayar da fadamar ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka shiga matsi. Wannan shawara ce da aka yanke a ofis, kan yadda za a riƙa sakin ruwa da lokacin da za a sake shi, kuma masu zama a irin wannan ofis 'yan ajinmu ne. Injiniyan da ya taɓa kwana a Nguru ya ga kwalekwale yana kutsawa cikin kacalla da sanda ba zai kalli jadawalin sakin ruwa kamar wanda ya san wurin a taswira kaɗai ba. Gani ya kori ji.

Gwamnati tana da nata kason, kuma ba ƙarami ba ne. A ƙarshen 2020 aka amince da ƙarin gandayen ƙasa goma a kan bakwai da ake da su, ciki har da Falgore da Baturiya da Kogo. Sanarwa ba ta da tsada. Abin da ke da tsada shi ne albashin mai gadi, da man babur ɗinsa, da hanyar da motar haya za ta iya bi, da banɗaki mai ruwa. Obudu ta nuna mana yadda ake yi: an zuba kuɗi an kafa keken igiya mai hawa tsauni a 2005, aka yi ta talla, da gwamnati ta sauya kulawa ta sauya. Kuma akwai wata gaskiya da masu kishin namun daji ba sa son ji: manomin da giwa ta tattake masa gona a gefen Yankari, ko Bafulatanin da aka ce kada ya shiga inda kakansa ya yi kiwo a Gashaka, ba zai so gandu ba muddin ba ya ganin ko sisi daga gare shi. Kuɗin da zai gani kuwa daga aljihun baƙo yake fitowa: mai ja-gora, mai sayar da zuma, mai ɗakin haya, mai babur, mai dafa abinci. Baturen da muke jira ya zo ya kashe wannan kuɗi ba zai zo ba, ofishin jakadancinsa ya hana shi. Mu ne kasuwar, mu miliyoyin da muke da albashi da hutun shekara, kuma mun kai cinikinmu wani gari.

Ba kowane wuri ne yake shiguwa yau ba, amma masu shiguwa sun fi yadda muke zato, idan mutum ya yi tambaya wajen mutanen wurin, ya yi tafiyar rana, ya ɗauki ja-gora. Zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu yana nan a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, mun wuce shi sau ɗari. Dutsen Kufena yana kallon jami'ar da da yawanmu muka yi shekara huɗu a cikinta ba mu hau shi ba. Ruwan Gurara bai kai tafiyar sa'a biyu daga Abuja ba. Sukur, a kan duwatsun Mandara, ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999, kuma zan iya rantsuwa waɗanda suka je Istanbul a cikin masu karanta wannan sun ninka waɗanda suka taɓa jin sunanta.

A bara na tsaya a ƙofar wani gandu da ba zan ambaci sunansa ba. Mai gadin, dattijo ne da kakinsa ya koɗe, ya fito da wani babban littafi mai bangon kwali ya ce in sa hannu. Na buɗe na ga wanda ya riga ni ya zo ne mako bakwai da suka wuce, kuma ɗalibi ne da aka turo bincike. Na tambaye shi ko manya daga babban birnin jihar suna zuwa. Ya ce suna zuwa mana, ranka ya daɗe, idan za a yanka filaye a gefen gandun.